Yadda Na Zauna a Babur ɗin Bulus

Tun da na dawo daga Kamaru tambaya ɗaya ake yi a kaina a garinmu, kuma ba a gabana ake yin ta ba. Wai da gaske ne haka Asabe ta zauna? To, da gaske ne. Yanzu da na shiga ajin manya a Bunkure na iya riƙe biro, bari in faɗa da kaina, kowa ya huta da raɗa.

Ba yawon duniya ne ya fitar da mu ba. Gonarmu a wutsiyar kanal take, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa yake isowa bayan kowa ya ƙoshi. Ciyawar kacalla ta cike hanyar ruwan, na sama suka riƙa datsewa, shinkafarmu tana ƙonewa a tsaye rani bayan rani. Sai ga wani dillali, Ɗanlami, yana neman waɗanda suka iya noman shinkafa, wai za a kai su wata babbar gona kusa da Yagwa, bakin kogin da ya raba Kamaru da Cadi. Maigidana, Malam Sale, zai kula da masu dashe, ni kuma in riƙa turara shanshera kafin a kai ta casa. Ni na ce mu tafi, kuma ko yau aka mayar da ni gaban waccan busasshiyar gonar, abin da zan ce ke nan. Inna, mahaifiyarsa, ba ta yi mini doguwar magana ba. Cewa ta yi, "Ke kika ja shi. Ke za ki dawo mini da shi, kuma da ransa."

Ɗanlami ya sauke mu a gonar ya ce zai je ya dawo. Har yau yana dawowa. Mai gonar, wani ƙaton mutum da ba ya magana da mu sai ta bakin tafinta, ya karɓi katunanmu na shaida wai zai ajiye mana kada su ɓata. Aikin kula da masu dashe kuwa, ashe ƙanin matarsa ne yake yi tun tuni. Malam sai aka rataya masa tankin feshi a baya. Tun hantsi har rana ta karkata yana cikin ruwa yana feshin maganin ciyawa da na ƙwari, ba takunkumi, ba safar hannu. Tsohon ɗankwalina yake ɗaurawa a hanci. In ya taso, warin maganin yana riga shi shiga ɗaki.

Ni ina ƙarƙashin wata rumfar kwano tare da matan ƙabilar Masa, dogaye, masu ƙarfi kamar maza. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa. Dariyar ɗaurin zanina suka fara yi, daga baya da suka ga shinkafata ba ta karyewa a injin casa, sai suka riƙa tsayawa a kaina suna kallon yadda nake rage wuta. Kifi suke kawo mini a ganye. Na ci kifi har na gaji da shi. Abin da nake so ban samu ba: miyar kuka mai daddawar gida, shaƙaƙƙiyar muryar ladaninmu, ƙarar injinan Kura da nake zagi kullum don sun hana ni barcin rana. Har warin ruɓaɓɓen tumatir na lokacin kaka sai da na yi kewa.

Tari ya fara kama Malam kamar wasa. Daga nan ya daina cin abinci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya koma in ya yi taku kaɗan sai ya dafa bango. Wata nas Bafulatana a asibitin garin ta saurari ƙirjinsa ta daɗe, sannan ta ja ni waje. Da guntuwar Hausarta ta ce, "Mama, huhu ya ƙare. Kai shi gida. Kada ki jira."

Malam ya gane ba tare da na faɗa masa ba. A bakin asibitin ya ce, "Asabe, tafiyar ba ta ba ni tsoro. Amma kada ki bari a binne ni inda Inna ba ta san hanya ba."

Na je wa mai gonar. Tafinta ya ce katunan suna wajen wani, wanin kuma ya yi tafiya. Na je tasha. Direban farko ya leƙa fuskar Malam ya ce, "Hajiya, wannan fasinja ne ko gawa? In ya cika a motata jandarma su riƙe ni?" Na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Sauran ma haka suka ce, sai dai sun fi shi iya baki. Kuma ko sun ɗauke mu, ba kati ba wanda zai bar mu mu wuce shingen farko.

Ina rumfa ina zagin wata tukunya da ta ƙi zama a murhu, sai na ji an ce daga bayana, "Wannan zagin na Kura ne. Mama, 'yar wace unguwa ce?"

Bulus ke nan. Mutumin Filato ne, Kirista, ya yi shekaru a Kura yana gyaran injin ban-ruwa da na casa, matarsa Rahila tana sayar da gwanjo a kasuwa. Yakan zaga gonakin Kamaru yana gyara musu injuna, a kan wani jibgegen babur da ya saya wajen wani Bature mai yawon ƙasashe da injinsa ya buga a hanya. Babur ne mai akwatunan ƙarfe hagu da dama, tankinsa kamar tulu. Ashe sun san juna da Malam, shi yake gyara mana famfo a da, har suna da sunan tsokana. Da ya shiga ɗaki ya gan shi, ya tsaya cak.

"Liman, kai ne ka koma haka?"

"Fasto, ni ne. Ka zo yi mini wa'azi?"

Bulus bai yi dariya ba. Ya fito ya ce mini babur yana bin hanyar da ba a tambayar takarda, kuma shi ma gida ya nufa.

Malam ba ya iya tsayuwa, amma ya iya ba da umarni. Ya ce, "Ni a tsakiya. Iyalina a bayana." Ba wanda ya yi gardama, don haka kowa yake yi a wajenmu. Mace ba ta jingina da bayan namijin da ba nata ba. Don a samar mini wuri, Bulus ya ɗaura katako a kan kariya, ƙarfen ɗora kaya, ya zarce baya, irin yadda mutanenmu suke yi in za su ɗauki kwandunan tumatir daga gona. Ni kuwa ba ƙaramar mace ba ce, Allah ya ba ni jiki. A bayana aka ɗaure tukunyar turarata, da buhun shinkafar da matan Masa suka tara mana, da ƙunshin kayanmu. Bulus ya zaga babur ɗin yana kallo, ya buɗe baki, ya rufe. Na gani, ban tambaye shi ba.

A kan burji lafiya lau muka tafi, a hankali. Sai da muka hau kwalta ta zuwa Kayle, Bulus ya murɗa totur, abin ya fara. Da farko ƙaramar karkarwa ce nake ji a cinyoyina. Can sai kan babur ɗin ya shiga kaɗawa hagu da dama kamar akuyar da ta ƙi igiya, hannuwan Bulus suna bin sa, mu duka muna lilo. Bai taka birki ba, ya dai saki totur a hankali har abin ya lafa. Ya sake gwadawa, abin ya sake dawowa, daidai inda ya fara ɗazu.

Wani zai ce, to ku tafi a hankali mana. Wanda bai riƙe marar lafiya a rana ba ne. Duk zaman da Malam ya yi a kan babur ɗin nan wani abu yake ɗauke masa wanda ba ya dawowa. Tafiyar hankali tana nufin ninka kwanakin hanya, kuma ni da na riƙe shi na san ba shi da kwanakin ninkawa.

A Kayle muka tsaya wajen wani mai faci, Bazazzagi da ya tsufa a can. Ya kalli babur ɗin ya ce, "Kai, wannan babur ne ko bijimi?" Ya harbi tayar gaba da ƙafa ya ce lafiyarta ƙalau. Bulus ya ciro ma'aunin iska daga aljihu ya gwada, ya ce iskar gaba ta yi yawa, ta baya ta yi kaɗan. Ya shafa tafin hannu a kan tayar ya nuna mini yadda ta cinye tudu da kwari, kamar matakala. Ya ce irin wannan tana sa rawa, a canza ta. Tsohon ya fito da wata tayar hannu yana rantsuwa sabuwa ce sai kaɗan. Na zura hannu ciki yadda nake laluben tsakuwa a shinkafa, na ji faci kamar tafin jariri.

"Baba, wannan fa?"

"Hajiya, ai facin nan ya fi tayar ƙarfi."

"To ka sa wa babur ɗin da za ka ɗauki tsohuwarka a kai."

Ya yi ta ƙunƙuni wai matan Kano ba su da kunya, amma ya shiga ciki ya fito da ta ƙwarai. Aka sa, aka daidaita iska. Muka hau hanya. Rawar ta ɗan jinkirta, har na fara cewa alhamdu lillahi. Ban rufe baki ba ta dawo.

Figil gari ne fari fat da ƙurar siminti, har ganyen bishiya. A ƙarƙashin wata tsamiya muka kwantar da Malam. Bulus ya tokare cikin babur da dutse har tayar gaba ta bar ƙasa, ya kama ƙafafun gaban ya jijjiga. Na ji ƙwas, ƙwas. Ya ce wuyan babur ya saki. Ya kwance, ya wanke boris da fetur, ya cika shi da giris, ya ɗaure noti yana juya kan yana saurare, kada ya yi sako-sako, kada kuma ya ƙage. Ya bi sifok, siraran ƙarafan nan na taya, ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sufana, wanda ya yi muryar fasasshiyar ƙwarya ya ɗaure shi.

Malam daga kwance ya ce, "Fasto, gaya mini gaskiya, babur ɗin nan burkutu ka ba shi?"

"Liman, wannan ya fi ka tsoron Allah. Tun da na saye shi bai sha komai ba sai fetur."

Malam ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya fito da jini. Wata Bafulatana mai tallan nono da take zaune nesa kaɗan ta taso ba wanda ya kira ta. Ta cire mayafinta ta naɗe ta sa masa a ƙarƙashin kai, ta riƙa ba shi kindirmo da ludayi kaɗan-kaɗan kamar yaye. Na miƙa mata abin da ke hannuna, ta ture. Ta dafa ƙirjina ta faɗi wata magana mai tsawo da Fulatanci. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma nan ne kawai na yi kuka a duk tafiyar.

Bayan Figil, kan hanyar Garwa, babur ya yi kamar ya warke. Bulus ya ƙara wuta. Wata tirelar siminti tana gabanmu tana tafiyar hawainiya, ya fita zai wuce ta. Muna kaiwa daidai kanta iskarta ta buge mu. Wannan karon ba karkarwa ba ce. Kan babur ya riƙa dukan tanki hagu da dama, ƙafar Bulus ta zame, na ga tayoyin tirelar nan suna juyawa kusa da gwiwata, Malam ya sulale gefe sai rigarsa a hannuna. Ban san yadda muka fita ba. Na dai gan mu a cikin ciyawar gefen hanya, babur a tsaye, Bulus ya kifa kai a kan tanki yana kiran Yesu, ni ina salati, direban tirela ya wuce yana zagi ta taga.

Muka sauke Malam a inuwar wata rumfar masu sayar da mangwaro. Na ja Bulus gefe.

"Ka canza taya. Ka ɗaure wuya. Ka ƙwanƙwasa ƙarafa kamar mai kiɗan ƙwarya. Saura me?"

Ya shiga goge hannu da tsumma.

"Tun a Yagwa ka buɗe baki ka rufe. Na gan ka. Buɗe shi yanzu."

Ya ajiye tsumman. Ya ja babur ya kafe shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya ce, "Mama, hau wurin zamanki." Na hau kan katakon. Ina zama, babur ya kwanta baya kamar sikeli, tayar gaba ta tashi sama tana juyawa ita kaɗai a iska. Masu mangwaro suka fashe da dariya.

Ya ce, "Kin gani. Tayar gaba ita take riƙe hanya. In nauyi ya koma wutsiya, shafar kwalta take yi, ba takawa ba. A gona da kwandunan tumatir ba a ji, don ba a gudu. In an yi gudu sai ta fara neman hanya hagu da dama."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da na ɗaura katakon."

"Ka sani, ka bar mu muna ɓata rana wajen mai faci?"

"Tayar ma da laifinta, Mama, wuyan ma haka. Na yi ta fatan su kaɗai ne." Ya kalli inda Malam yake kwance. "Mai nauyi shi zai zauna a tsakiya, ya manne da ni, mu zama kamar mutum ɗaya. Marar nauyi a baya. Da wane baki zan ce wa Liman matarsa ta matso jikina?"

Na so in mare shi. Kunyarsa ta kusa sa mu ƙarƙashin tirela. Amma ba tasa ba ce shi kaɗai, tamu ce, a wajenmu ya koye ta.

Na je na durƙusa gaban Malam na faɗa masa yadda za a yi, ban zagaya ba. Ni a tsakiya, shi a bayana, in goya shi da zani. Ya daɗe yana kallona.

"Asabe, da raina?"

"Da ranka aka ce in kai ka, Malam. Shi ya sa."

Ya juya fuska ga bangon rumfar. Na ga hawaye ya gangara ya shiga kunnensa. Mutum ne da ko hannuna bai taɓa riƙewa a gaban mutane ba. Na ce masa in yana da wata hanya ya faɗa. In na sauka na bar su, wa zai riƙe shi? In muka tafi a hankali, a wane gari yake so a tona? Na faɗi hakan da bakina, kuma na san ya yi zafi.

Can ya ce, "Ɗauko dardumata." Na ɗauko. Ya ce, "Ninka. Sa a tsakaninku." Sannan ya ɗaga murya iyakar yadda zai iya. "Fasto, ka ga abin da bijiminka ya ja mini."

Bulus ya ce, "Liman, ka yafe mini." Ba tsokana a muryarsa.

Ya kwance katakon ya jefar a kwari. Buhun shinkafa muka bar wa masu mangwaro. Tukunyata, wadda na yi shekaru ina ci da ita, na ajiye ta a bakin hanyar Garwa na juya mata baya. Ƙunshin kaya ya koma kan tanki, ƙarafan aikinsa masu nauyi ya zuba su can ƙasan akwatunan gefe, ya raba daidai, ya ƙara ɗaure shokar baya. Na hau na manne da bayansa, darduma a tsakani. Shi da wani mai mangwaro suka ɗago Malam suka ɗora shi a bayana. Na ja zani ta ƙarƙashin hammatarsa na ɗaure a ƙirji, na sa wani a ƙugu, aka ɗaure masa ƙafafu da tsumma kada su ja ƙasa. Mutumin da yake ɗaukar buhun shanshera a ka daga gona har gida, wallahi na goyi yaran da na fi jin nauyinsu.

Bulus ya murɗa. Muka kai inda rawar take farawa, muka wuce. Ya ƙara, ya ƙara. Babur ya miƙe sambal kamar an ja zare. Ban yi murna ba. Haushi ne ya cika ni, da na ga abin da ya cinye mana rabin ƙarfin Malam bai wuce in matsa gaba taku ɗaya ba.

Kafin iyaka muka bar kwalta muka bi ta gonakin dawa da busasshen rafi, muka ɓulla ƙasarmu ta wajen Yola. A nan na gane ba sai an bar gida ake zama baƙo ba. A Kamaru ba wanda ya kalle mu sau biyu. Muna shigowa inda ake jin Hausa, kallo ya fara. 'Yan acaɓa suna fito, masu shayi suna nuna mu da cokali. A wani shinge wani soja ya zagaya mu yana murmushi ya ce, "Madam, wanne ne mijin a ciki?"

Na ce, "Wanda yake mutuwa."

Ya ja katakon ƙusoshinsa gefe.

Ba na ganin fuskar Malam, don haka da numfashinsa nake sanin halin da yake ciki. Bakinsa yana daidai wuyana. In na ji ɗumi, in ce yana nan. In ya jinkirta, in girgiza kafaɗa har ya dawo. Duk garin da muka yada zango sai an kwance shi, kuma kowace kwancewa ta fi ta baya wuya. A Gombe da muka sauke shi ya tafi gaba ɗaya, idanu suka juye, sai da muka yi ta yayyafa ruwa muna kiran sunansa kafin ya dawo. Daga nan na ce ba za a sake kwance shi ba sai a ƙofar Inna.

A Wudil muka bar hanyar Kano muka yanke ta Kibiya da Rano. Bayan Rano ƙasa ta fara yin kore, ga fadamun shinkafa, ga farin balbela, ga mata sun sunkuya suna dashe. Na ji leɓensa yana motsi a wuyana. Ya ce, "Na ji ƙanshin ruwanmu."

A gadar kanal da ake juyawa zuwa garinmu Bulus ya rage gudu.

"Mama, mu tsaya ku koma yadda kuka fito. Daga nan a hankali za mu shiga, ba zai yi rawa ba."

Gaskiya ya faɗa. Kuma an idar da la'asar, na san duk mazan garin suna kan dakalin masallaci, hanyar gidan Inna kuwa ta gabansu ta bi. Na san su ɗaya bayan ɗaya, na san matansu, na san abin da za a kwana ana faɗa. Amma ɗumin da ke wuyana ya fara yin nisa tsakani. In ya ja ɗaya, sai na yi salati na gama kafin na biyu ya zo. A kwance shi, a sauke, a ɗaga, a sake ɗorawa? Na tuna Gombe.

"Kada ka tsaya."

"Mama, mutane fa..."

"Na ce kada ka tsaya. Ƙara wuta."

Haka muka ratsa garin. Hirar dakali ta ɗauke ɗif. Na ga wani ya tsaya da carbi a sama, na ga wani ya dafa na kusa da shi. Ban sunkuyar da kai ba, don in na sunkuya kan Malam zai zame.

Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ƙullin zanin ya ƙage da gumi da ƙura, yatsuna suka kasa, ita ta sa haƙori ta kwance. Ya buɗe ido ya ce, "Inna." Ta ce, "Na'am, Sale." Ya sha kunun hannunta. Washegari da hantsi ya cika, kansa a kan cinyarta.

Sauran kuwa kun fi ni sani. Bulus ya zo gaisuwa, Yaya Haruna, wan Malam, ya tare shi a ƙofa ya ce, "Mun gode, ba sai ka shigo ba." Mutumin da ya bar aikinsa ya ƙona fetur ɗinsa daga wata ƙasa, ko ruwa ba a ba shi ba. Masu kai masa famfo suka ragu. Aka riƙa yi wa Rahila habaici a kasuwa wai ta kula da bayan mijinta. Aka yi wa'azi a kan matan zamani da hawan babur, ba a kira suna ba, ba a kuma bukaci kira ba. Ina cikin takaba mata suna shigowa gaisuwa, bakinsu yana cewa ya haƙuri, idonsu yana auna ƙirjina. Wata ta kasa daurewa ta ce, "Ni dai Asabe, ba ki ji nauyi ba?" Na ce na ji, amma ba irin wanda take nufi ba, kuma ta tashi ta ba wasu wuri.

A cikinsu duka ba wanda ya tambaye ni wane magani aka sa shi fesawa. Ba wanda ya tambayi ina Ɗanlami, wanda na ji yana nan yana ɗibar wasu. Ba wanda ya ga dardumar, ko kuwa sun gani ba ta yi musu daɗin labari ba. Kacalla tana nan a kanal yadda muka bar ta.

Inna ma ba ta taɓa tsaya mini a gaban mutane ba. Tsohuwa ce, a cikinsu za ta ƙarasa, ban riƙe ta ba. Abin da ta yi kawai, ta aiko a karɓi zanin da na goya shi da shi, ta ce kada a wanke. Shi take ninkewa ta sa kai. Ranar da na fita takaba na je gaishe ta, ta riƙe hannuna ta daɗe, sannan ta ce, "Kin kawo shi."

To ga amsarku, masu tambaya. Ƙirjina a bayan Bulus, dardumar Malam a tsakani, mijina a goye. Haka na zauna daga bakin hanyar Garwa har ƙofar uwarsa, kuma a gadar kanal an ba ni dama in gyara na ƙi. Malam yana kwance gabas da gari, ƙarƙashin dorawar da ake hangowa daga bayan katangar Inna. Da yamma takan sa a fitar mata da tabarma ta zauna tana fuskantar wajen.

Ta san hanyar.